Daren Awo a Garejin Nibaldo

Osorno. Ruwa bai ɗauke ba tun Talata,
kwanon garejin Nibaldo sai ganga yake kaɗawa.
Kekuna bakwai sun kwanta rigingine,
ƙafafu sama, kamar tumaki ranar sausaya.

Ni aka ba sikelin kifin
da muka aro a kasuwar Rahue,
har yanzu ƙarni bai bar ƙugiyarsa ba.
Doka ɗaya ce: kilo goma sha takwas.
Kowa ya rataya jakarsa,
allura ba ta san abota ba, sai gaskiya.

Herminda ta haura da uku.
Muka zazzage, sai ga butar ƙarfen kakarta,
baƙa ƙirin, hannunta ɗaure da waya.
Ta ce, "Ku bar ni a gida in kun so,
amma ba na shan mate daga gwangwani."
Ta cire takalmi na biyu, ta cire madubi,
ta cire littafin da ta yi shekara tana cewa za ta karanta.
Buta ta tsira, mu muka ji kunya.

Ulises ya yanke mariƙin buroshin haƙorinsa
wai don rage nauyi.
Cikin safarsa muka tono curin cuku
kamar kan jariri,
har Nibaldo ya saki sifana don dariya.

Ran Lahadi mun gwada tanti a bayan gida.
Turaku goma sha biyu ne a takarda,
goma sha ɗaya a hannu,
kare ya san inda ɗayan yake, ya ƙi faɗa.
Tsakar dare ɗinki ya fara ɗiga
daidai goshin Rayen.
Ga ta can yanzu da kakin zuma da tocila a baki
tana bin zare kamar mai karatun wasiƙa,
ba ta ko ɗago ido, balle ta waiwaya.

A bango taswira take, ta sha jan biro.
Rubutun Eleodoro ne:
nan jirgin fito, kada ku makara;
nan kwalta ta ƙare, tsakuwa ta karɓa;
nan akwai matar da ke gasa burodi, ku ƙwanƙwasa;
nan iska ce, ku sunkuya ku yi shiru.
Kwana goma sha shida zuwa Coyhaique,
shekara biyu yana auna mana hanya.

Sai gwiwa ta ce a'a, likita ya sa hannu.

Ya zo duk da haka, da sanda,
ya zauna kan durom ɗin mai.
Kowane keke sai ya juya fedarsa da hannu,
ya kara kunne a sarƙa.
"Wannan tana jin ƙishi. Wancan birkin maƙaryaci ne."
Na takwas yana rataye a ƙusa bayansa,
gizo-gizo ya fara auna masa taya.

Ni kuwa, shekara talatin ina buga hatimi a gidan waya,
ban taɓa kwana ƙasa ba rufi ba.
Faci shida na saya, tiyub biyu,
maganin ciwon baya, da ashana cikin kwalba.
Abin da ya fi nauyi bai hau sikeli ba:
gangaren nan da ya zagaye sau biyu
yana nan zaune a zuciya.

Da za mu watse ya miƙe da kyar,
ya kwance ƙararrawar kekensa,
ya ɗaura a kan nawa, ya matse noti.
Na ce, "Ta ƙara min nauyi."
Ya ce, "Giram arba'in. Ka buga ta a saman dutsen,
in kuma turawa ka yi, kada ka zo min da ƙarya."

Ƙarfe biyar za mu haɗu a bakin gada.
Na shimfiɗa safa kusa da murhu,
na saita agogo, na sake dubawa.
Ruwa bai ɗauke ba.
Na ɗan taɓa ƙararrawar cikin duhu,
kare ya amsa daga baya.